Wasannin Yamai na 2005: wa ya kai wa Arlit lissafi?

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ba da sanarwar ficewar ƙasar daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, ƙungiyar da aka yanke wa cibiya a birnin Yamai ranar 20 ga Maris 1970, zamanin Diori Hamani. An yi ta muhawara kan riba da asarar wannan mataki. Amma akwai wani tsohon bashi da ficewar ba ta goge ba, shi ne lissafin wasannin Farankofoni karo na biyar da Yamai ta karɓi baƙuncinsu daga 7 zuwa 17 ga Disamba 2005. Duk wanda ya tari ɗan kasuwa a Arlit, ko malamin makaranta a Akokan, ya tambaye shi nawa aka kashe, wa ya samu kwangila, me ya saura, to ba zai ji amsa ba. Alhali kuwa garuruwan nan biyu suna cikin waɗanda suka fi cancantar a kai musu wannan lissafi har gida.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin shekarar da aka yi bikin a cikinta. Farin 2004 da farin dango sun cinye amfanin gona, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 3 na fama da ƙarancin abinci. A farkon shekarar gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, sai da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya rufe kasuwanni a watan Maris kafin ta sassauta. A watan Agusta shugaba Tanja Mamadu ya faɗa wa ƴan jaridar ƙetare cewa babu yunwa a ƙasar, yayin da gidajen ciyar da yara a Maraɗi suka cika maƙil. A rahoton ci-gaban ɗan Adam na wannan shekara Nijar ce ta ƙarshe cikin ƙasashe 177. Wata huɗu bayan maganar shugaban, aka kunna fitilun filin wasa na Seyni Kunce aka tarbi baƙi wajen 2,500.

Gaskiya ce ƙasashe abokan hulɗa sun ɗauki wani kaso na kuɗin, kuma gaskiya ce kokowar gargajiya ta samu fagen da ba ta saba samu ba a idon duniya. Ba wanda ke jin haushin ƴan wasa. Sai dai kason da Nijar ta zuba daga baitulmali ya fito, kuma a wancan lokaci ƙarfen uraniyom ne kan gaba a kayan da ƙasar ke sayarwa waje. Somair ta fara haƙa a Arlit tun 1971, Cominak a Akokan tun 1978, kuma a 2005 su biyun sun fitar da tan kusan 3,000. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, da taimakon ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, ta bayyana sakamakon binciken da ya nuna gurɓatar ruwan da mutanen garin ke sha, bayan an riga an gano ƙarafan ma'adinai masu guba a hannun ƴan gwangwan. Nisan kilomita 1,200 ke tsakanin garin da ake haƙo dukiyar da garin da ake kashe ta.

Irin waɗannan bukukuwa suna da wata ɗabi'a da ƴan kasuwa suka fi kowa sani. Ƙasa takan san ranar buɗe wasa shekaru kafin ta zo, amma sai a yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙure, sa'annan a ce gaggawa ta hana a yi gasar neman kwangila a bainar jama'a. Sai a kira ɗan'uwa ko ɗan jam'iyya a daidaita da shi a ɗaki, buhun siminti ya tashi kuɗin uku, kuma duk wanda ya buɗe baki a ce yana son ya kunyata ƙasa gaban baƙi. Jinkirin nan ba kullum ba ne sakaci. Sau da yawa shi ne jarin. A Kinshasa, wasannin Farankofoni da aka shirya yi a 2021 sai 2023 suka yiwu, kuma ministan kuɗin ƙasar na lokacin, Nicolas Kazadi, da bakinsa ya ce kasafin dala miliyan 48 ya koma miliyan 324. A Kamaru an ƙwace karɓar gasar cin kofin Afirka ta 2019 saboda ayyuka ba su kammala ba, filin Olembe ya lashe sama da sefa miliyar 160, kuma a ƙofarsa mutum 8 suka rasu cikin turmutsitsi a Janairun 2022. A Indiya ma sai da aka tsare shugaban kwamitin wasannin Commonwealth na 2010, Suresh Kalmadi, a 2011. Bambancin kawai shi ne a can an ji adadi, a wani wurin har an ga alƙali.

Wanda zai ce ai Nijar ta wancan zamani ta fi ƙarfin irin wannan, sai ya tuna abin da ya biyo baya. A 2006, shekara guda bayan wasannin, bincike ya bankaɗo badaƙalar ma'aikatar ilimin firamare, inda aka yi aringizon farashi a kuɗin tallafin makarantu. Ministoci biyu suka shiga kurkuku, kuma a kan wannan batu ne majalisar dokoki ta tumɓuke gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007. An bi diddigin kuɗin ne domin masu ba da tallafi sun matsa. Idan kuɗin alli da teburin ƴan makaranta bai tsira ba, da wace hujja za a hana talaka tambayar kuɗin bikin da aka kashe cikin sauri, a hannun gwamnati ɗaya, a ƙarƙashin ƙa'idoji ɗaya?

Abin da Arlit ke roƙo tun lokacin bai kai tsadar biki ba a wajen ma'ana, ko da ya fi shi a wajen kuɗi. Hanyar Tawa zuwa Arlit, mai tsawon sama da kilomita 600, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar uraniyom, aka bar ta ta ragargaje har direbobin manyan motoci suka gwammace bin rairayi a gefenta. Kowace taya da ta fashe, kowane kwana da mota ta yi a daji, a kan farashin buhun gero da na shinkafa yake sauka a kasuwar Arlit, ma'aikacin gwamnati mai albashi ƙayyadadde shi ke biya. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga, amma an yi shekaru magadan gari na bin bashinsa. A yarjejeniyar 2014 kamfanin Areva ya yi alkawarin yuro miliyan 90 don hanyar. A 2016 Agadas ta samu nata bikin na 18 ga Disamba, aka gyara tsakiyar birni, matafiyin Arlit kuwa ya ci gaba da shan ƙura a kilomita 240 da ke tsakani. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, aka bar wa Akokan tulin dattin ma'adinai na tan miliyan 20.

A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da Somair mallakar ƙasa. Daga ranar, uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi, cewa Faransa ce ke kwashe komai, ya daina aiki, domin kuɗin da za su fito daga ramin a hannun ƴan ƙasa za su faɗa. Wata rana kuma wani minista zai tashi ya nemo wa Nijar wata gasar, da sabon suna da sabbin abokai. Kafin a buga tambarin farko, ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago na da haƙƙin su nemi a buga kasafin a jarida tun daga fari, a bayyana sunan kowane ɗan kwangila da farashinsa, kuma alƙalan binciken kuɗin gwamnati su kawo rahoto cikin wata shida bayan rufe wasa. Kundin 2005 shi ya kamata a fara buɗewa, a liƙa kwafinsa a ƙofar ma'aikatar magajin garin Arlit, da Faransanci da Hausa da Tamashek.