Cika tafki da kifi ba shi ne riba ba: Darasi daga masu kiwon bas a ƙasar Sin

Kifin bas mai babban baki asalinsa na Arewacin Amurka ne, amma yau ƙasar Sin ce kan gaba wajen kiwonsa. An shigar da shi lardin Guangdong a 1983, kuma a 2021 abin da Sinawa suka samar ya haura tan 700,000. Da kasuwarsa ta buɗe, sai masu kiwo suka riƙa ƙara yawan 'ya'yan kifin da suke zubawa a tafki ɗaya. A ganina, nan ne lissafin yake rikicewa.

Bas kifi ne mai cin nama, don haka abincinsa cike yake da furotin. Kaɗan daga sinadarin naitirojin da ke cikin abincin ne yake zama tsoka, mafi yawansa yana komawa ruwa a matsayin amoniya da kashi. Duk kifin da aka ƙara, an ƙara abinci, an kuma ƙara datti. Gubar amoniya kuwa ƙaruwa take yi idan ruwa ya yi zafi.

Sai batun iskar oksijin. Bas yana girma da kyau ne idan oksijin bai gaza miligiram 5 a kowace lita ba. Da rana gansakuka na samar da iskar, da dare kuma tana shaƙe ta tare da kifin, shi ya sa asuba ce lokacin da ya fi haɗari. Kafin kifi ya fara mutuwa, sai ya rage cin abinci, girmansa ya ja baya, cuta ta samu ƙofa. A cikin cunkoso, masu ƙarfi su ke cinye abincin, kuma idan tazarar girma ta yi yawa, manya kan haɗiye ƙanana.

Masu goyon bayan cika tafki za su ce jimillar nauyin kifi tana ƙaruwa. Gaskiya ne, amma tana da iyaka. Wannan ƙarin yana tafe da kuɗin wutar injin kaɗa ruwa, da magani, da ƙarin kwanakin ciyarwa kafin kifi ya kai girman sayarwa. Wuta ta ɗauke dare ɗaya, jarin wata shida ya taso saman ruwa.

Wannan ya shafi masu kiwon tarwaɗa a nan gida. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska a saman ruwa, abin da ke ruɗar mutane su ɗauka babu cunkoson da zai dame ta. Amoniya dai ba ta ƙyale ta ba.

Kafin ka sayi 'ya'yan kifi, fara lissafa abincin da ruwanka zai iya ɗauka a rana da kuma sau nawa za ka iya sauya shi. Ka riƙa auna ruwan da asuba, ka ware manya daga ƙanana. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma mai sayen kifi nauyi yake aunawa.