Kurfai: kafin mutum na biyu ya shiga rijiya

A ƙasashen sanyi irin su Kanada, inda tafkuna ke daskarewa mutane su yi tafiya a kansu, ƙanƙara takan fashe da mutum ya faɗa ruwa. Ka'idar masu ceto a can ita ce kada kowa ya ruga wurinsa a tsaye. Sai a kira agaji, a jefa masa igiya ko a miƙa tsani, mai ceto kuwa ya kwanta ruf da ciki domin nauyinsa ya bazu. Dalili shi ne, sau da yawa mai niyyar ceto shi ne gawa ta biyu.

Ƙasar Kurfai ba ta san ƙanƙarar tafki ba, amma ta san rijiya. A kwarin Dallol Boso ruwa yana kusa, ƙasa kuwa rairayi ce, rijiyar da ba ta da siminti irin na OFEDES takan rufta da mai yasa. A kan tudu rijiyoyi suna da zurfi, iskar ƙasansu kuma takan ɓaci. Wanda ya shiga sai ya suma ba tare da ya yi kuwwa ba, ɗan'uwansa ya bi shi saboda zumunci, shi ma ya suma. Gwanayen haƙar rijiya sukan zura fitila tukuna: in ta mutu, ba a shiga sai an kaɗa iska. Amma a lura, hayaƙin injin jan ruwa yana kisa ko da fitila tana ci, saboda haka ba a kunna injin cikin rami. Wanda zai sauka, a ɗaura masa igiya a ƙirji, ƙarfafa uku ko huɗu su riƙe, a kuma kori ƴan kallo daga baki, don tsayuwarsu ce ke zubo ƙasa.

Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18, kuma wajibi ne a kira. Sai dai Filinge na da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai, ƙauyukanta kuma sun warwatsu, alhali wanda numfashinsa ya tsaya ba ya jiran fiye da mintoci kaɗan. Ko Maroko, da dukan injinanta, a shekarar 2022 ta kwashe kwana biyar tana haƙa kafin ta kai ga wani yaro ɗan shekara 5 a rami mai zurfin mita 32, ta tarar ya cika.

Aikin nan na mutanen gari ne. Ƴan kasuwar Filinge ba za su kasa sayen igiya mai ƙarfi da tsani ga kowace unguwa ba. Ofishin magajin gari kuwa ya rubuta sunayen gwanayen rijiya da lambobin wayarsu, ya damƙa wa masu gari da malaman makaranta, ya kuma sa a rufe matattun rijiyoyi kafin damana ta lulluɓe bakinsu da ciyawa.