Kowace Magana da Mai Ita: Kira ga Malamai da Ɗaliban Wudil

Malamai da ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, da na Kwalejin Horar da 'Yan Sanda da ke nan Wudil, har da ku masu shagunan buga kundi, ku kasa kunne!

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, rubutun ilimi ya shiga wani hali. Ba cewa nake a guji ƙirƙirarriyar basira ba. Wanda ya yi nagartaccen bincike kan ƙasar noma ko ruwan Kogin Wudil, amma Turanci na ba shi wuya, ya samu mai gyara masa jimla, kuma babu aibu a nan. Aibun shi ne ɓoyewa, da kwasar abin da ba a tantance ba.

Ga yadda ɓarnar ke shigowa. Ɗalibi ya ce wa manhajar ta kawo masa manazarta goma kan noman rani. Nan take sai ta jero su tsaf: sunan farfesa na gaske, mujalla ta gaske, shekara, har da lambobin shafi. Je ka nemi maƙalar, ko sama ko ƙasa. Ba a taɓa rubuta ta ba. Ita manhajar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take yi, daga tarin rubutun da aka horar da ita a kai, shi ya sa ƙaryarta kan fito da kamannin gaskiya. Farfesan da aka laƙa wa maganar kuwa yana can bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Kada a ɗauka yara kaɗai abin ke kayarwa. A Yunin 2023, wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ta ƙaga. Masu shirin riƙe fayil ɗin bincike gobe, wannan labarin naku ne. A Fabrairun 2024 kuma wata mujallar kamfanin Frontiers ta janye maƙalar da ta fito da hoton ɓera na shirme wanda manhajar Midjourney ta zana, bayan ta wuce ta hannun masu tantancewa.

Abin takaicin, mu ne ya fi kamata mu gane wannan. A zauren karatu, wanda ya kawo hadisi akan tambaye shi isnadi: daga wa ka ji, shi kuma daga wa? Ruwayar da aka ƙaga sunanta maudu'i, ba a gina hukunci a kanta. Don me jikokin malaman zaure za su karɓi magana daga bakin da ba a iya tuhuma?

Duniyar ilimi ta riga ta ja layi. A Janairun 2023 mujallar Nature ta ce ba za a sa irin wannan manhaja cikin jerin marubuta ba, kuma wanda ya yi amfani da ita ya bayyana. A Fabrairu kwamitin COPE mai kula da ɗa'ar wallafa ya faɗi haka, domin manhaja ba ta ɗaukar alhaki. Salon APA, wanda sassa da dama ke bi, ya nuna yadda ake ambatonta: kamfani, shekara, sunan manhajar, samfurinta da adireshinta.

To, a tashi tsaye! Majalisun jami'a da editocin mujallun tsangayoyi su rubuta ƙa'ida gajeriya a liƙa a allon kowane sashe. Kowane kundi ya zo da sakin layi guda da ke faɗin wace manhaja aka taɓa, kuma a kan me. Ɗalibai, kada ku ambaci abin da idonku bai karanta ba. Masu shago, ku daina sayar da babi na biyu kamar ƙosai. Malamai kuma, ku fara da maƙalun da kuke neman ƙarin girma da su, sannan ranar kare kundi ku zaɓi manazarta uku daga jerin, ku ce ɗalibi ya buɗe su a kan tebur.