A Koya Wa Yara Shekarun Duwatsunmu

Malaman makarantun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ga wata magana. Birnin Kano a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda ba a samun ƙasusuwan halittun dā a cikinsa. Saboda haka yara su kan ɗauka ilmin shekarun duwatsu na Turai ne kaɗai. Ko kusa!

A ƙasar Sakkwato, inda teku ta taɓa kwanciya, duwatsu jere suke hawa-hawa, da ƙasusuwa da ƙwanson dabbobin ruwa kuwa masana ke gane zamanin kowane hawa. A hawan Dukamaje aka sami wata ƙatuwar dabbar teku wadda aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don garin Goronyo. Hawan nan ya haura shekara miliyan 66, amma a littafi da sunan Mastirik, wani gari na ƙasar Holan, ake kiran zamaninsa. Na Dange da na Kalambaina daga baya suka kwanta, bayan irin dabbobin nan sun ƙare.

Dutsen Kalambaina fa shi ake niƙawa a yi siminti. To, kafin injin ya haɗiye, me zai hana hukumar ilmi ta roƙi ƙwanso ko da kwando guda, a rarraba wa azuzuwan Kano?