Koyar Da Kiɗa Ma Malanta Ce

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, na lura da wani hali gare mu a wannan kwaleji. In sa'ar kiɗa da waƙa ta yi, sai waɗansu su ɗauki littafin lissafi su koma bayan aji, suna cewa wai wannan aikin maroƙa ne. Ni dai ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Ku dubi Malam Laz Ekwueme. An haife shi a garin Oko, cikin ƙasar Igbo, a 1936. Ya tafi Ingila ya koyi ilmin kiɗa a London, ya komo gida a 1964 ya koyar a Jami'ar Nsukka, wadda ita ce ta fara buɗe sashen kiɗa a jami'o'in Nijeriya. Daga nan ya wuce Amurka, ya sami digirin dakta a Jami'ar Yale. A 1974 ya sāke komowa, ya kama aiki a Jami'ar Ikko, ya kafa ƙungiyar mawaƙa mai sunansa, har ya kai ga zama farfesa. Da aka yi babban bikin al'adun baƙar fata a Ikko a 1977, shi aka danƙa wa mawaƙan ƙasa.

To, mene ne aikin irin wannan malami? Shi ne madugun makaɗa. Yakan tsaya gabansu da 'yar sanda siririya, ga masu goge, ga masu sarewa, ga masu busa ƙaho, ga masu ganga, kowa da takardarsa a rubuce. Shi bai taɓa ko tsirkiya ɗaya, amma shi ke nuna wa kowa inda zai shiga da inda zai yi shiru. In mutum guda ya kauce cikin hamsin, lalle kunnensa ya kama, ya gyara ba tare da ya kunyata shi ba. Ku gaya mini, wannan ba shi ne aikin da muke koyo ba? Aji ma haka yake, yara arba'in, kowa da irin tafiyarsa.

Har wa yau akwai wani abu. Malam Ekwueme ya ɗauko waƙoƙin gargajiya na mutanensa ya rubuta su, ya shirya su yadda mawaƙa da yawa za su rera tare, yana kiyaye hawa da saukar murya don kada ma'ana ta ɓace. Hausa ma haka take. Kuka na ido da kuka ta miya, ai murya kaɗai ta raba su. Saboda haka baƙo ba zai iya yi mana wannan aiki sosai ba, sai ɗan gida wanda ya sami horo. Waƙoƙin gaɗa, da na niƙa, da na reno, duk suna bin tsofaffi kabari, mu kuwa muna jin nauyin tsayawa mu koya.

Shawarata ita ce kowane ɗayanmu, in ya tafi hutu, ya komo da waƙa guda ta garinsu a rubuce, mu kai wa malamin kiɗa ya koya mana sa mata alamomi. Wanda kuwa Allah ya ba shi kunne, kada surutun mutane ya hana shi neman ilmin nan har jami'a. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, yaran da za mu koyar kuwa daga gare mu za su ga abin girmamawa. Allah ya sa mu dace, amin.