Babur mai ƙafa huɗu: Abin da dokar Ostireliya ta sauya wa mai sayen farko, da abin da ta bari a hannunsa

Manomin da ya shiga shagon dillali a ƙasar Ostireliya a yau da niyyar sayen babur mai ƙafa huɗu a karon farko, ba zai tarar da kasuwar da mahaifinsa ya sani ba. Kamfanin Honda ya daina sayar da na aikin gona a ƙasar. Yamaha ma ya bi sahu, Polaris na Amurka kuwa ya riga su tattara komatsansa. Abin da zai gani a jere mafi yawa ƙirar wasu kamfanoni ne irin su CFMoto na China, kowanne da wani ƙarfe da ya miƙe sama a bayan sirdi, da wata takarda a rataye da ke nuna iyakar karkatar da babur ɗin zai yi kafin ya fara kifewa.

Ƙarfen da takardar, da ma ficewar manyan kamfanonin, duk sun samo asali ne daga doka ɗaya da gwamnatin tarayyar ƙasar ta kafa a watan Oktoban 2019. Dokar ta sauya irin baburan da ake jerawa a shago. Amma lokacin da ya shuɗe tun bayan fara aiki da ita ya nuna cewa babban kaso na haɗarin yana nan, kuma yana rataye ne a kan shawarar da mai saye zai yanke kafin ya zaro kuɗinsa.

Ga wanda bai san abin hawan ba, ana zama a kansa ne kamar babur, a riƙe kambu kamar babur, sai dai tayoyinsa huɗu ne, masu faɗi, marasa iska sosai, don su riƙa lanƙwasa a kan duwatsu da taɓo. Na aikin gona yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya, yana jan ƙaramar tirela, da yawansu kuma duk ƙafafun huɗu ke ja. A gonakin Ostireliya, inda makiyayi ɗaya kan mallaki dubban hekta, shi ne ya maye gurbin doki wajen kora garken tumaki da shanu, duba shinge, kai abincin dabbobi da feshin maganin ciyawa. Ba ya gajiya, ba ya neman harawa, yana kuma ratsa inda mota ba za ta shiga ba. Dalilin farin jininsa ke nan, kuma babu mai gardama a kan amfaninsa.

Matsalar tana cikin ƙirarsa. Duk wanda ya saba da babur mai ƙafa biyu, da ya ga mai huɗu sai ya ɗauka ya samu abin da ba ya faɗuwa, tunda ko an sake shi yana tsaye. Wannan zaton ne ya halaka mutane da dama. Babur ɗin dogo ne a tsaye, tsakanin tayoyinsa kuma babu faɗi sosai, don haka nauyinsa yana sama. Da yawa daga cikin na aikin gona tayoyinsu na baya a kan sanda ɗaya suke juyawa, da gudu iri ɗaya, shi ya sa idan za a sha kwana dole mahayi ya karkata jikinsa ya taimaka masa. Idan aka ɗora tankin feshi a baya, ruwan da ke ciki yana kai da komo, nauyin ya ƙara hawa sama. Daga nan dutse ɗaya da ya ɓuya a cikin ciyawa a gefen gangare ya isa ya juya shi. Nauyin na aikin gona yakan kai kilo 300, wani ya zarce haka.

Masu bincike a Jami'ar New South Wales, cikin wani babban nazari da suka fitar a 2015, sun duba bayanan mutuwar waɗanda babur ɗin ya kashe. Abin da suka gano game da manoma ya bambanta da na masu hawa don wasa. Masu wasa gudu ne ke kashe su, a wurga su, su bugu a ka. Manoma kuwa galibi ba gudu suke yi ba. Babur ne ke kifewa a hankali ya danne su, kuma da yawansu ba raunin da suka ji ya kashe su ba, numfashi ne ya gagara saboda nauyin da ke kan ƙirji, a wurin da babu kowa kusa da zai ɗaga. Alƙaluman hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta ƙasar, wato ACCC, sun nuna mutane sama da 150 ne suka rasu a kan wannan babur cikin shekara goma daga 2011, har da yara fiye da 20, kuma a kowace rana kimanin mutum shida ne ake kai wa sashen gaggawa na asibiti. Tsawon shekaru shi ne ke kan gaba wajen kashe mutane a gonakin ƙasar, ya ture tarakta daga wannan mummunan matsayi.

Wannan ba shi ne karo na farko da hukuma ta taka wa masu ƙera shi birki ba. Honda ya fito da nasa na farko a 1970, mai ƙafa uku, ya kuma samu karɓuwa a Amurka. Mai ƙafa uku ya fi saurin kifewa, kamar yadda duk wanda ya taɓa ganin keken A Daidaita Sahu ya sha kwana da gudu zai fahimta. Mace-mace sun yi yawa, har a 1988 gwamnatin Amurka ta cimma yarjejeniya da kamfanonin suka daina sayar da sababbi masu ƙafa uku. Kafin lokacin Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu a farkon shekarun 1980, sai kasuwa ta koma can. Ƙarin taya ɗaya ya rage kifewar, bai kawar da ita ba.

Dokar Ostireliya ta zo a mataki biyu. Daga 11 ga Oktoban 2020, dole kowane sabon babur ya cika ƙa'idar ƙira ta Amurka ko ta Turai, a manna masa gargaɗin kifewa, a kuma gwada shi a kan wani tebur da ake karkatawa sannu a hankali har tayoyin gefe ɗaya su ɗaga. Sakamakon gwajin shi ne ake rubutawa a takardar da ke rataye. Daga 11 ga Oktoban 2021 aka shiga mataki na biyu, wanda shi ne ya tayar da ƙura. Na aikin gona dole ya jure karkata ta digiri 28.81 a gefe da digiri 38.65 gaba ko baya, kuma dole ya zo da ƙarfen kariya irin su Quadbar ko ATV Lifeguard, ko wani da ya kai su. Aikin ƙarfen shi ne idan babur ya kife, ya tokare ƙasa ya bar ɗan sarari da mutum zai yi numfashi ko ya jawo jikinsa ya fita.

Manyan kamfanonin, ta bakin ƙungiyarsu ta masu harkar motoci, FCAI, sun ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce babur ɗin an ƙera shi ne don mahayi ya iya rabuwa da shi idan zai faɗi, kuma ƙarfen na iya bugun mutum, ko ya maƙale a reshen bishiya, har raunin da yake jawowa ya kai wanda yake hanawa. Suka ce maganin yana cikin horo, hular kwano, da hana yara hawa. Suka kuma yi gargaɗin cewa idan aka tilasta musu za su bar ƙasar. A ɗaya gefen, ƙungiyar manoma ta ƙasa, NFF, da ƙungiyoyin likitoci sun tsaya tare da dokar, ko da yake a karkara an samu manoma da dillalai da dama da suka yi adawa da ita, saboda tsoron rasa abin hawan da suka amince da shi.

Hujjar kamfanonin ba shirme ba ce gaba ɗayanta, domin hular kwano da horo suna ceton rai. Rauninta shi ne an shafe shekaru masu yawa ana wa'azin horo da hula, gawarwaki kuma ba su daina fitowa daga gonaki ba. Cewa mahayi ya yi tsalle ya rabu da babur shawara ce da ta dace da saurayi mai jini a jika. Manomin Ostireliya kuwa a matsakaici ya haura shekara 50, kuma idonsa yana kan garke, ba a kan ƙasar da ke gabansa ba. Akwai kuma abin da masu sharhi da dama suka yi zargi, cewa kasuwar Ostireliya ƙarama ce idan aka kwatanta da ta Amurka, kuma amincewa da ƙarfen a wuri ɗaya tamkar amsa cewa babur ɗin yana da naƙasu ne a ko'ina, abin da lauyoyin masu neman diyya a Amurka ba za su bari ya wuce su ba. Ko ma mene ne dalilin, gwamnati ba ta janye ba, kuma a ganina ta yi daidai. Ƙasar da ta bari barazanar ficewar kamfani ta rubuta mata dokar kare rai, gobe wani kamfanin ma zai zo da tasa.

Kamfanonin sun cika alƙawari, sun fice. Kafin wa'adin ya cika manoma sun yi rububin sayen ragowar da ke shaguna. Kasuwar ba ta mutu ba, domin waɗanda suka amince da dokar sun cike giɓin. Sai dai dokar ta shafi sababbi ne da tsofaffin da aka shigo da su daga waje kawai. Dubban baburan da suka riga suka shiga gonaki babu wanda ya tilasta a saka musu ƙarfe, sai dai tallafin kuɗi da jihohi irin su New South Wales da Victoria suka riƙa bayarwa tun 2016 ga mai son sakawa. Wannan ya buɗe wa mai sayen farko wata ƙofa mai jan hankali: ya ƙyale sabon da bai san sunan kamfaninsa ba, ya nemi tsohon Honda a hannun maƙwabci. Injin zai yi masa aiki shekara da shekaru, wannan gaskiya ne. Amma zai sayi ainihin abin da aka yi dokar dominsa, tare da gajiyayyen birki da tayoyin da suka sha rana.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙaramar motar gona, wadda ake zama gefe da gefe, mai sitiyari da kujeru da bel da kejin ƙarfe a sama da ɗan bodi a baya. Kawasaki ne ya yi fice da ita tun 1988 da samfurin Mule. Ta fi babur faɗi, ta fi shi ɗaukar kaya, ta kuma fi shi tsada. Hukumomi da kamfanoni duk sun riƙa tura manoma gare ta a matsayin mafita, manoma kuma suka amsa. Abin takaici, a 2024 waɗanda ta kashe a gonakin Ostireliya sun fi waɗanda babur mai ƙafa huɗu ya kashe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kejin yana kare mutum ne idan yana cikinsa. Manomin da zai sauka ya buɗe ƙofar shinge sau ashirin a yini yakan gaji da ɗaura bel, wani ma ya cire ƙofofin motar. Idan ta kife sai ta wurgo shi, kejin da aka yi don kare shi ya faɗo masa. Dokar 2019 kuwa ba ta haɗa da wannan mota ba.

Saboda haka tambayoyin da suka fi muhimmanci ga mai sayen farko ba a takardar talla suke ba. Girman inji, wanda dillali ya fi son a yi magana a kai, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikinsu. Matsakaici ya wadatar da mafi yawan aikin gona, babba kuma ƙarin nauyi ne da zai kwanta a kan ƙirji. Abin dubawa shi ne irin ƙasar da za a bi. Idan gangare ne da kwazazzabai, ko aikin feshi da jan kaya masu nauyi, babur ba abin hawan wurin ba ne, komai ƙarfen da aka saka masa. Sai kuma wanda zai hau. Sirdinsa dogo ne don mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya, amma mutane suna ɗaukarsa wurin goyo, alhali na mutum ɗaya ne. Masu ƙera shi da hukumomi sun haɗu a kan cewa yaron da bai kai 16 ba kada ya hau na manya, kuma a gidan gona inda makulli ke kwana a jikin babur, wannan ƙa'ida takan tsaya a takarda. Lambar da ke kan takardar gwaji tana da amfani wajen kwatanta wannan da wancan, sai dai an auna ta ne babur yana tsaye a kan tebur, ba yana tafiya da tanki cike da ruwa ba.

Dokar ta tsaya a iyakar Ostireliya. Samfuran da Honda da Yamaha suka janye daga can suna nan ana sayar da su a Amurka da sauran ƙasashe ba tare da ƙarfen ba. A Najeriya an fi ganin irin wannan babur a bakin teku a Legas, ana ba da hayarsa ga masu shaƙatawa. Mai babbar gona a Kaduna ko Neja da ya ga bidiyonsa ya yi sha'awar yin odar sabo daga China ko tsoho daga Amurka, abin da aka loda masa a kwantena shi zai karɓa, babu takardar gwaji, babu ƙarfe, sai in shi ya nema. Kafin ya tura kuɗi, yana iya tambayar dillalin sakamakon gwajin karkata na wannan samfurin, tunda kamfanin da ke sayarwa a Ostireliya dole yana da shi. Ya kuma tambayi inda zai samu taya da bel ɗin inji idan suka lalace, da bakaniken da zai taɓa masa shi, da nisan da ke tsakanin gonarsa da asibitin da ke iya karɓar mutumin da kilo 300 ya danne.