Taragon karan da kuka yi wa dariya

1/
Shekaranjiya na ɗora hoton taragon jirgin ƙasa da ni da ƙanena muka haɗa da kara da gwangwanin madara a gida, Burumburum. Wani ya ce wai ɗan jami'a guda na rasa abin yi sai wasan yara. Mutane suka yi ta dariya. To ku gyara zama, yau sai na amsa. Zare 🧵

2/
Da farko, kun ma san me muka haɗa? Taragon gidan waya ne. Gidan waya sukutum a kan dogo. Jirgi na gudu, ma'aikata na tsaye a ciki suna ware wasiƙu gari-gari, suna buga hatimi. Kafin a isa tasha an gama ɗaure buhun garin.

3/
A Ingila aka fara shi a 1838. Amurka ta kafa nata a 1864. Abin da ya fi burge ni: a ƙananan tashoshi jirgin ba ya ma tsayawa. A rataye buhu a jikin turke, ma'aikaci ya miƙo ƙugiyar ƙarfe ya fizge shi, ya cillo na garin ƙasa. A Ingila raga ce a jikin taragon take cafkewa.

4/
Kar ku ɗauka takardun gaisuwa kawai yake ɗauka. Fashin nan da ya girgiza Ingila a 1963, jirgin wasiƙa aka tare, mai zuwa Landan daga Glasgow. Fam miliyan 2.6 aka kwashe. Amanar da ake ba shi ke nan.

5/
Kuma ba labarin Turawa kaɗai ba ne. Dogo ya iso Kano a 1911. A zamanin mulkin mallaka akwai irin wannan tarago a layin Legas zuwa Arewa. Har yau masu tara kan sarki na sayen tsofaffin ambulan ɗin Najeriya da aka buga wa hatimi a cikin jirgi.

6/
Duk ɗan Tudun Wada ko Doguwa da zai shiga Kano ya san Kwanar Dangora. Amma mu nawa muka san akwai tashar jirgi a Dangora, a ƙasar Kiru? Layin Zariya zuwa Kano ta nan ya ratsa. Tarihin yana bayan gidanmu, mu kuma kwanar kawai muka sani, saboda a nan ake sayen rake 😅

7/
Yanzu ga inda nake so ku tsaya. Taragon nan ya mutu a ƙasashensu ma. Amurka ta rufe na ƙarshe a 1977, Ingila a Janairun 2004. Mota da jirgin sama da injin ware wasiƙu suka karɓe aikin. To me ya sa har yau yaransu suka san kamanninsa?

8/
Saboda sun ƙera ƙaraminsa. Kamfanin Hornby ya yi ɗan taragon wasiƙa da yake cafke buhu ya ajiye wani yana tafe, kamar na gaske. Dattawa masu furfura, wasu tsofaffin ma'aikatan reluwe, su suke zama suna haɗawa. Ba wanda ya ce musu sun rasa abin yi.

9/
Mu fa? Babban ya tafi, ƙaramin ba mu yi ba. Ba jirgin, ba samfurin, hoton ma sai ka sha wuya. Na tambayi abokan karatuna ko sun taɓa jin taragon gidan waya, wallahi suka ɗauka zolaya nake. An yi ba wan ba ƙanen.

10/
Mai cewa wasa ne, zo ka ji. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya, HO, kashi 1 ne cikin 87. Wato tarago mai tsawon mita 20 zai dawo kamar santimita 23. Ƙanena da ke gudun lissafin rabawa kamar an ce masa allura, da kansa ya zauna ya raba ƙofa da taga da tsayi da 87.

11/
Na farkon da muka yi, da ya zo kwana sai ya kife. Sau uku. Yaron nan ya kwana yana tunani, da safe ya ce, "Yaya, ƙafafun ne a ƙage, sai sun riƙa juyawa da kansu." Haka na gaske yake. Ba wanda ya faɗa masa. Kara da ƙusa suka koya masa.

12/
Dukkanmu mun yi motar kara da ta langa-langa muna yara. Su waye suka hana mu? Masu irin bakinku. "Tashi, ka girma." Wani a take masa motar a gabansa. Sai an girma kuma mu dawo nan muna kuka wai komai sai an kawo mana daga Chana, har injiniyan da zai shimfiɗa dogo.

13/
Na ga mai cewa ana fama da yunwa ni ina zancen jirgin kara. Ɗan uwa, na san farashin kwanon masara, daga gona na fito. Amma kara kyauta ne, gwangwani a bola muka tsinta. Dariyar da ka yi kuma ba ta sauke tukunya a gidan kowa ba.

14/
Na ga mai cewa wasiƙa ta mutu, ga WhatsApp. To tura min takardar shaidar karatunka ta asali ta WhatsApp mu gani. Ko magani. Ko atamfar da 'yan uwanmu mata ke sayarwa a intanet. Duk a hannun direba muke danƙawa a tasha, ba rasit, sai lambar waya da addu'a.

15/
An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, ana aikin Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi. Duk hirarmu a kan kujera da sanyin AC take. Wa ya tambayi inda saƙo zai zauna? Ba za ka nemi abin da ba ka taɓa ganin ko siffarsa ba.

16/
Ga NITT a Zariya, ga jami'ar sufuri a Daura, ga Gidan Makama a Kano. A Legas akwai gidan tarihin reluwe a Jaekel House, Ebute Metta. Me zai hana mu ma a samu teburi guda da samfurin tashar Kano da taragon wasiƙarta, 'yan firamare su zo su gani?

17/
Idan kakanka ko kawunka ya yi aikin reluwe ko gidan waya, don Allah je ka zauna da shi tun yana raye. Tambaye shi launin taragon, ƙofa nawa, ina ake ajiye buhu. Turo min. Idan akwai hoto ma ya fi.

18/
Ƙanena ya ga kwament ɗinku, na kasa ɓoyewa. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, mu daina ne?" Na ce a'a. Ƙugiyar ta rage, kuma gobe in sha Allah za mu nemo waya mai ƙarfi mu lanƙwasa ta.